Dusar Shinkafa da Hawan Jini: Abinci Ce Ko Magani?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



GABATARWA

Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar ba ni wannan dama, alhali kuwa a cikin ɗakin nan akwai likitoci da masu harhaɗa magunguna waɗanda suka riga ni barin wannan makaranta da shekaru masu yawa. Ni ma'aikacin gwamnati ne a ɓangaren aikin gona, karatuna na jami'a a kan kimiyyar abinci na yi shi, kuma yawancin aikina tsakanin injinan casar shinkafa da rumbunan ajiya yake. Saboda haka ta ƙofar shinkafa zan shiga wannan batu, idan na zo wurin da ya shafi asibiti kuma, yayyena likitoci suna nan, sai su ƙara mana bayani.

Dalilin zaɓen wannan batu ba ɓoyayye ba ne. A 'yan shekarun nan tallar wani ƙarin abinci da ake yi daga dusar shinkafa ta yawaita. Ana turo ta a wayoyinmu, ana kuma yawo da kayan ofis-ofis a cikin jaka, wani gari ne, wani kafso, wani kuma mai ne a kwalba. Masu tallar suna cewa yana saukar da hawan jini, yana narkar da kitsen jini, yana daidaita sukari, har ma wasu kan ƙara da cewa wanda ya riƙe shi ya rabu da ƙwayoyin asibiti. Mu kuma, in muka dubi junanmu, za mu ga cewa yawancinmu mun shiga shekarun da hawan jini ke fara ƙwanƙwasa ƙofa. Tambayoyin da nake so mu amsa a yau guda uku ne: Mece ce dusar shinkafa? Me binciken masana ya tabbatar a kanta? Me ya kamata mu yi da abin da aka tabbatar ɗin?

MECE CE DUSAR SHINKAFA?

Idan ka ɗauki ƙwayar shanshera guda ɗaya, za ka tarar tufafi biyu ta sanya. Na waje shi ne buntu, wato ɓawon nan mai kaushi da ƙaiƙayi. Shi ba abinci ba ne, domin cike yake da sinadarin silika, wanda shi ne asalin yashi. Idan aka cire buntu sai a iske wata 'yar fata siririya, ja-ja ko ruwan ƙasa, manne da ƙwayar, tare da ɗan idon da shuka ke tsirowa daga gare shi. Wannan fata da wannan ido, su ne inji ke gogewa domin shinkafa ta fito fara fat, kuma garin da ke zuba daga gugar shi ne dusa.

A cikin buhun shanshera mai kilo 100, buntu kan kai kimanin kilo 20, dusa kilo 8 zuwa 10, ragowar kimanin kilo 70 kuma shi ne shinkafa da tsakinta. To amma duk da ƙanƙantar kason dusa, a cikinta mafi yawan man shinkafa da bitamin ɗinta suka taru. Kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyinta mai ne. Tana da furotin, tana da harza, wato ɓangaren abincin da hanji ba ya narkarwa amma yake taimaka masa wajen aiki. Tana da dangogin bitamin B da bitamin E, da ma'adinai irin su maganiziyam da fotasiyam, waɗanda duka biyu suna da hannu wajen sassauta jijiyoyin jini. Akwai kuma wani sinadari a cikin manta mai suna gama-orizanol, wanda masanan ƙasar Japan suka fara tacewa a 1954, kuma shi ne masu talla suka fi ambato. Farar ƙwayar da ta rage mana kuwa, mafi yawanta sitaci ne.

A ƙasar nan, daga Kura da Kadawa zuwa Haɗeja, daga Argungu zuwa Badeggi, dusar shinkafa abincin kaji da tumaki da kifi ce, ana sayar da ita da araha a bakin inji. A Indiya da Japan kuwa an daɗe ana tatsar man girki daga cikinta, har ya zama babbar sana'a. Wato abin da muke zuba wa dabbobi, shi ne wasu ke gyarawa su ɗura a kwalba su aiko mana da tsada. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

DARASI DAGA TARIHI

Darajar dusar shinkafa ba sabon labari ba ce a wurin masana. A ƙarni na 19, lokacin da injinan goge shinkafa suka yaɗu a ƙasashen Asiya, wata cuta mai suna beriberi ta yi ta kashe sojoji da fursunoni da leburori. Tana raunana ƙafafu, ta kumbura jiki, ta kuma gajiyar da zuciya. A shekarun 1890 wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Christiaan Eijkman, wanda ke aiki a birnin da a yau ake kira Jakarta a Indonesiya, ya lura cewa kajin ɗakin bincikensa sun kamu da irin wannan shanyewar ƙafa a lokacin da ake ba su ragowar farar shinkafar asibiti, sun kuma warke da aka mayar da su kan shinkafar da ba a goge ba. Daga nan aka gane cewa akwai wani abu a cikin dusa wanda jiki ba ya iya rayuwa sai da shi. A 1910 Umetaro Suzuki ya tato wannan abu daga dusar shinkafa a Japan, a 1912 kuma Casimir Funk, wanda shi ma da dusar shinkafa ya yi aikinsa a Landan, ya ƙirƙiro sunan da ya zama kalmar bitamin. An ba Eijkman kyautar Nobel a 1929.

A wancan zamani ne kuma likitoci a ƙasar Malaya suka lura cewa leburorin Indiya masu cin shinkafar da aka turara tun tana cikin buntunta ba su cika kamuwa da beriberi ba, saɓanin masu cin farar da ba a turara ba. Dalili shi ne jiƙo da turare suna tura wani kaso na bitamin daga dusa zuwa cikin ƙwaya. Wannan shi ne gumi, aikin da iyayenmu mata suka gada kaka da kakanni.

Abin lura a nan shi ne, dusa ta warkar da beriberi ne saboda cuta ce ta rashin abu guda ɗaya tak, da an mayar wa jiki da abin sai a tashi. Hawan jini ba haka yake ba. Gado ne da gishiri da ƙiba da shekaru da rashin motsa jiki da lafiyar ƙoda suke haɗuwa su haifar da shi. Cutar da ke da iyaye da yawa haka, da wuya cokalin gari ɗaya ya kore ta.

ME BINCIKE YA NUNA A KAN HAWAN JINI?

Mu fara da tuna wa kanmu ma'auni. Awon jini lamba biyu ne, ta sama da ta ƙasa. Idan aka auna mutum a ranaku daban-daban aka ga ta sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, to yana da hawan jini. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce manya kimanin biliyan 1.3 ne ke ɗauke da shi, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. A Nijeriya ƙiyasin masana ya nuna kusan mutum ɗaya cikin kowane manya uku. Ku ƙirga kujerun layin da kuke zaune, ku raba uku.

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Gwajin da masana suka fi yarda da shi shi ne a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu abin da ake gwadawa, a ba wasu holoƙon kafso mai kama da shi, ba tare da mai sha ko mai aunawa ya san wane ne ya samu wanne ba. An yi wa dusar shinkafa irin wannan gwaji a Japan, aka buga sakamakonsa a 2019. Mutum 100 aka ɗauka, waɗanda jininsu ya ɗan hau ko yake gab da hawa, aka bi su mako 12. Lambar sama ta waɗanda suka sha na gaske ta fi ta 'yan holoƙo sauka, amma da 'yar tazara kaɗan.

Akwai abubuwa uku da mai talla ba zai gaya maka ba game da wannan gwaji. Na ɗaya, ba ɗanyar dusa aka ba mutanen ba. An narkar da furotin ɗin dusar ne da wani sinadari na musamman a masana'anta, har wani ɗan guntun furotin da ake kira LRA ya fito, wanda aka gano yana sa jijiyoyin jini su saki. Abin da kowa ya sha a rana maikirogiram 43 ne na wannan guntu, alhali sai an tara maikirogiram miliyan ɗaya ake samun giram ɗaya. Na biyu, babu mai tsananin hawan jini a cikin waɗanda aka gwada. Na uku, ma'aikatan kamfanin da ke sarrafa kayan suna cikin masu binciken. Wannan bai sa sakamakon ya zama ƙarya ba, amma ya sa ana bukatar wasu da ba su da riba a ciki su maimaita shi.

Gwaji na biyu da ake yawan ambato an yi shi ne a birnin Delhi na Indiya, aka buga shi a 2016. An haɗa man dusar shinkafa kashi 80 da man riɗi kashi 20, aka raba masu hawan jini 300 gida uku: wasu suka yi girki da man kawai, wasu suka sha ƙwayar asibiti kawai, wasu suka haɗa biyun, har kwana 60. Jinin duka rukunan ya sauka, amma waɗanda suka haɗa man da ƙwaya su ne suka fi kowa samun sauƙi nesa ba kusa ba. A nan ma kowa ya san abin da aka ba shi, kuma tun da mai biyu aka gauraya, ba a ware rabon dusa daga rabon riɗi ba. Darasin da ya fito fili dai shi ne man ya taimaka wa magani, bai maye gurbinsa ba. Ragowar binciken da ake kafa hujja da shi, mafi yawansa a kan ɓeraye aka yi.

Yanzu mu ɗora wannan a kan sikeli tare da abubuwan da aka daɗe da tabbatarwa. Ƙwayar hawan jini guda ɗaya, in an sha ta yadda likita ya tsara, takan rage kimanin 9 daga lambar sama. Mai hawan jinin da ya rage kamar ƙaramin cokali ɗaya na gishiri daga abincinsa na yini yakan rage kimanin 5. Duk kilo ɗaya na ƙiba da mutum ya zubar yakan tafi da kimanin 1. A wani shahararren gwaji da aka buga a Amurka a 1997, wanda ake kira DASH, masu hawan jinin da aka ɗora kan abinci mai yawan ganye da 'ya'yan itace da nono mara maiƙo sun rage kimanin 11 cikin mako 8. An kuma tabbatar cewa rage 10 daga lambar sama yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Babu wani gwaji da ya nuna cewa ƙarin abincin dusar shinkafa ya hana shanyewar jiki ko ciwon zuciya ko mutuwa. Iyakar abin da aka auna shi ne lambobi, na 'yan makonni.

KITSEN JINI DA SUKARI

Idan muka koma kan yadda jiki ke sarrafa maiƙo da sukari, hujjar dusa ta fi ƙarfi, musamman ta ɓangaren mai. A 2005 masu bincike a jihar Luwiziyana ta Amurka sun gwada abu biyu dabam-dabam. Da suka ba mutane dusar da aka tatse manta, kolastarol ɗinsu bai sauka ba. Da suka sanya man dusar a cikin abincinsu kuwa, mugun kolastarol, wato wanda ke liƙewa a jijiyoyin jini, ya ragu da kashi 7 cikin 100. A 2016 wasu masanan suka tattara gwaje-gwaje 11 suka auna su gaba ɗaya, suka sami raguwa ita ma matsakaiciya. Bayanin da ake bayarwa shi ne gama-orizanol da danginsa suna tare hanyar da kolastarol ke bi daga hanji ya shiga jini. Sai dai mu tuna, mai dai mai ne. Kowane babban cokali ɗaya na man dusa yana ɗauke da ƙarfin abinci daidai da na man gyaɗa ko manja. Amfaninsa yana zuwa ne idan ya maye gurbin kitse da man shanu a tukunya. Wanda ya ƙara shi a kan abin da ya saba ci, ƙiba ya ƙara.

Ta fuskar ciwon sukari, an yi wani ƙaramin gwaji a Taiwan, wanda aka buga a 2010, inda aka ɗauki masu ciwon su 28, aka ba wasunsu giram 20 na gyararriyar dusa kullum har mako 12. Sukarinsu na bayan cin abinci ya ragu. Abin ƙarfafa guiwa ne, amma mutum 28 ba su cika aji ɗaya na wannan makaranta ba.

Binciken da ya fi girma ba a kan kafso aka yi shi ba, a kan shinkafar kanta aka yi. A 2010 masanan Jami'ar Harvard suka buga sakamakon bin diddigin mutane kusan 200,000 na tsawon shekaru. Masu cin farar shinkafa sau biyar ko fiye a mako sun fi masu cinta jefi-jefi haɗarin kamuwa da ciwon sukari da kashi 17 cikin 100. Masu cin wadda ba a goge dusarta ba aƙalla sau biyu a mako kuwa, haɗarinsu ya ragu da kashi 11. Dalilin a bayyane yake: harza da man dusa suna rage saurin narkewar sitaci, sai sukari ya riƙa shiga jini sannu a hankali. Ashe ke nan hanya mafi sauƙi ta cin moriyar dusa ita ce kada a raba ta da ƙwayarta tun farko.

HAƊARIN DA KE CIKI

Na san wani zai ce a ransa, tun da haka ne gobe sai in aiki yaro bakin inji ya auno mini kwano guda in riƙa damawa a koko. Ina roƙonku kada ku yi haka, saboda dalilai huɗu.

Na farko, dusa ba ta jimre ajiya. A cikinta akwai wani sinadari mai suna lifes, wanda da zarar inji ya goge ta yake haɗuwa da mai ya fara ruɓar da shi. Cikin 'yan kwanaki sai ta fara wari da maƙaƙi. Shi ya sa masana'antu ke gasa ta da zafi nan take bayan casa domin kashe wannan sinadari. Na biyu, ƙananan injinan da suka fi yawa a garuruwanmu suna cire buntu da dusa ne a zubi ɗaya, saboda haka abin da ke fitowa gauraye ne da niƙaƙƙen buntu da ƙasa da tsakuwa. Na sha tsayawa a bakin irin waɗannan injina ina kallon yadda ake tara ta a ƙasa, kaji na tono, ana takawa da takalmi. Na uku, idan danshi ya taɓa ta takan yi fumfuna, fumfuna kuma na iya haifar da gubar afulatoksin mai lalata hanta.

Na huɗu ya shafi har wadda aka gyara aka sa a kwalba. Shinkafa shuka ce da ke zuƙar gubar asanik daga ƙasa da ruwa fiye da sauran hatsi, kuma a cikin dusa gubar ta fi taruwa. A 2008 masu bincike na Jami'ar Aberdeen a Birtaniya suka auna kayan dusar shinkafa da ake sayarwa a kantunan abincin lafiya, suka tarar asanik ɗin da ke ciki ya ninka na ƙwayar shinkafa sau 10 zuwa 20. Yawansa ya danganta da ƙasar da aka noma shinkafar, abin da ba a cika rubutawa a jikin kwalba ba. Saboda haka mai juna biyu da ƙananan yara su nisanci irin waɗannan kaya, sai fa da iznin likita. Haka ma mai ciwon ƙoda, domin fotasiyam da fosfaras da ke cikin dusa, waɗanda suke alheri ga mai lafiya, suna iya taruwa a jininsa su cutar da shi. Shi ma man yana bukatar masana'anta mai tsafta da sa ido. A 1968 wani sinadarin inji ya tsiyaya cikin man dusar shinkafa a wata masana'anta a Japan, dubban mutane suka kamu da rashin lafiya, irin haka kuma ta sake faruwa a Taiwan a 1979.

Amma haɗarin da ya fi duk waɗannan girma shi ne mutum ya ajiye ƙwayoyinsa. A wurin aikina akwai wani bawan Allah, bai kai shekara hamsin ba, wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini. Da aka kawo masa irin wannan gari mai tsada sai ya daina zuwa asibiti, yana cewa ai ba ya jin ciwon kai, jikinsa garau. Bayan 'yan watanni ya faɗi a gida da asuba. Yau yana raye, amma hannunsa na dama ba ya riƙe alƙalami, 'ya'yansa biyar kuma duk suna makaranta. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo, kuma rashin ciwon kai ba shaidar sauƙi ba ne. Na'urar awo kaɗai ke faɗin gaskiya.

TALLA DA DOKA

Sau da yawa mai talla zai nuna maka lambar NAFDAC, ko ya ce kayan daga Amurka suke. Yana da kyau mu fahimci ma'anar wannan. A Amurka, dokar 1994 ta ba da dama a sayar da ƙarin abinci ba tare da an fara tabbatar wa hukuma cewa yana warkar da wani abu ba, saɓanin magani, wanda sai ya wuce gwaje-gwaje masu tsanani. A nan gida ma, hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, takan ba irin waɗannan kaya lamba ne bayan ta duba cewa ba za su cutar ba, shi ya sa za ka ga an rubuta a jikin da yawansu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. Ku riƙa karanta wannan ɗan ƙaramin rubutu. Wanda babu lamba a jikinsa sam, kada ma ku karɓe shi. Wanda kuma aka ce yana maganin hawan jini da sukari da basir da sanyi da rashin haihuwa duk a lokaci ɗaya, to ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

Shawarata ta farko ga kowane ɗayanmu ita ce ya san lambarsa. Awon jini ba ya cin minti biyar. Wanda aka ɗora a kan magani ya riƙe shi, idan yana damunsa ko ya yi masa tsada ya koma wurin likita a canza masa, kada ya yanke hukunci shi kaɗai. Wanda yake son ya gwada man dusa ko gyararriyar dusa mai rajista, ya sanar da likitansa, ya ci gaba da maganinsa, ya kuma riƙa awo yana rubutawa.

Ta biyu ta shafi tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin wannan lissafi har da magi da kanwa da yajin tsire, domin dukkansu sodiyam ne ke cikinsu. Wannan magana ce da ya kamata mu zauna da iyalanmu mu yi ta cikin lalama, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har harshe ya saba. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta suna nan.

Ta uku, mu daina auna darajar shinkafa da farinta. Mun taso muna ganin cewa fara tas mai sheƙi ita ce ta masu hali, ja-ja 'yar gida kuma ta talaka ce, alhali ta talakan ce ta riƙe abin da mai halin zai je ya saya a kwalba. Idan ka kai casa, ka ce wa mai inji kada ya goge ta ƙwarai. A rage malmalar tuwon shinkafa, a ƙara wake da zogale da rama da alayyafo. Kuma kada shinkafa ta kore mana gero da dawa da acca daga gida, su ma a sassauta musu surfe. Sauya hatsi yau da gobe shi ne kuma maganin damuwar asanik da na ambata.

Ga ƙungiyarmu kuma ina da roƙo uku. Na ɗaya, mu sayi na'urar awon jini ko da guda biyu ce, ta zama duk taron da za mu yi, na reshe ko na ƙasa, 'yan'uwanmu ma'aikatan lafiya su auna kowa a bakin ƙofa, har da malamanmu da suka yi ritaya. Na biyu, kwamitinmu na ayyuka ya zauna da hukumar makaranta a duba abincin ɗakin cin abinci, musamman yawan gishiri da magi, domin harshen da aka saba wa gishiri yana ɗan shekara 13 da wuya ya rabu da shi yana ɗan 40. Na uku, 'yan'uwanmu da ke koyarwa a jami'o'i da masu jari a harkar casa su dubi wannan dusa da idon basira. A auna asanik ɗin da ke cikin tamu ta fadamun Kebbi da Kano da Jigawa, a koyi gasa ta da tatsar manta, a gwada shi tare da riɗinmu a kan mutanenmu, a asibitocinmu. Idan akwai alheri a cikinta, manominmu ya fi kowa cancantar cin ribarsa.

KAMMALAWA

A taƙaice, jama'a, dusar shinkafa abinci ce mai daraja. Manta yana rage kolastarol daidai gwargwado, akwai alamun tana taimaka wa sukari, wani abu da aka tato daga cikinta kuma ya ɗan sassauta hawan jinin da bai yi tsanani ba. Iyakar abin da aka tabbatar ke nan. Mai hawan jini ya sa ta a sahun mataimaka in yana so, amma awo da rage gishiri da tafiyar ƙafa da shan magani a kan ƙa'ida su ne a sahun gaba. Lafiya uwar jiki ce, kuma akwai masu dogaro da tamu: iyalanmu, da iyayenmu, da ƙannenmu da ke cikin azuzuwan nan.